Tsintuwar Tunau a Fakon Ƙirya

Ku rage fitilar nan, ku matso kusa. Kai Sagiru, ɗauke ƙafarka daga kan zanena. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada wanda ya ce mini wai ta zo mu ji ta. Wanda kuma ya san halinsa na jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu, ba ni zan wanke ba.

A wani ƙauye da ake kira Gidan Tama, can arewa da nan, an yi wani maƙeri mai suna Tunau. Mutum ne marar yawan magana. Idan ka kai masa fartanya gyara, sai ya dubi fartanyar, ya dube ka, ya ce, "Jibi." Hira ta ƙare ke nan. Mutane na cewa ya fi sakin fuska da ƙarfe a kan ɗan'adam, kuma ba su yi masa ƙarya ba.

'Yarsa Tabawa ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Ta sauka a tsakiyar damina, ta sami namiji lafiyayye. Sai jini ya ɓalle mata. Ungozoma ta yi iya yinta har ya tsaya, amma wanda ya zuba ya riga ya zuba. Tafin hannunta ya koma fari. Cikin idonta fari. Idan aka tashe ta zaune, sai ɗakin ya juya da ita, ta sulale. Asibiti yana hayin gulbi, gulbi kuwa ya kawo har masu kwalekwale sun ɗaure jiragensu sun koma gida.

Gidan maƙera suna da nasu maganin. A gasa ƙarfe ya yi jajir, a tsoma shi cikin ruwa, a tace, a ba wanda jini ya yi wa ƙaranci ya sha. Tunau ya gasa tsohuwar fartanya. Ya gasa ƙarfen mota. Ya gasa har masabar da ya gada daga kakansa. Tabawa ta sha, ta sha, kullum tana ƙara dusashewa.

Ranar kwana shida matarsa Ige ta tsaya a ƙofar maƙera.

"Malam, yau ko ɗigon nono yaron bai samu ba."

"Na ji."

"Ka ji kawai?"

Ya duba buhun gawayi, ya ga saura ƙura. Ya ɗauki gatari da diga ya fita. Kada ku ce bai damu ba. Akwai mutanen da idan tsoro ya kama su bakinsu ne ke mutuwa, hannunsu kuma ya kasa zama.

Inda maƙeran garin ke ƙona gawayi ana kiransa Fakon Ƙirya. Tafiya ce mai ɗan nisa. Ƙasar wurin marmara ce tsantsa, mai lanƙwasa bakin diga, sai a gefe guda ne ake samun inda za a haƙa rami. Tunau ya sare itacen ƙirya, ya fara haƙa. Bai kai gwiwa ba diga ta bugi wani abu, hannunsa ya mutu har kafaɗa.

Ya tona da yatsu. Wani ɗan dunƙule ne baƙi, bai fi goro ba. Sumul, babu tsatsa ko kaɗan. Ya sa yatsu biyu zai ɗauka, abu ya ƙi motsi. Ya sa hannu ɗaya, ya ƙi. Sai da ya durƙusa ya sa hannu biyu, ya yi nishi, sannan ya raba shi da ƙasa.

Shekara talatin yana ƙira, bai taɓa ganin ƙarfe irin wannan ba. Ya ce a ransa, idan ƙarfe na ƙara jini, to wannan uban ƙarfe ne. Ya jefa shi a burgami, jakarsa ta fata, ya bar itacen a jibge, ya kamo hanya. Kafin ya iso gida igiyar burgamin ta yanka masa kafaɗa har jini.

To, maƙera suna da wata doka tun kaka da kakanni. Duk ƙarfen da aka tsinta a daji, ba a nuna masa wuta sai ya kwana bakwai a ƙofar maƙera, a fili, ko mai shi zai zo cigiya. Ba kowane mai ƙarfe ne mutum ba. Tunau ya san wannan doka. Shi da kansa ya taɓa marin ƙanensa a kanta.

Ya ajiye dunƙulen a ƙofa. Ya zauna yana kallonsa. Yana tunanin kwana bakwai ɗin nan.

Daga cikin gida ya jiyo muryar Ige a kan Tabawa. "Ke! Ke 'yar nan, buɗe ido! Dube ni!"

Ya miƙe, ya sunkuci abin, ya cusa shi a wuta.

Ya aro gawayi gida uku. Shi ke zuga, shi ke juyawa da awartaki. Tun hantsi har la'asar sakaliya, sannan dunƙulen ya ɗan yi ja a gefe ɗaya. Ya tura shi cikin kaskon ruwa. Kun san yadda jan ƙarfe ke yin cuu idan ya taɓa ruwa? Wannan bai yi ba. Ajiyar zuciya aka yi. Doguwa, ta mace. Duk da haka Tunau ya tace ruwan ya kai ciki.

Ige ta tallafo kan Tabawa. Tabawa ta sha kurɓi uku.

Washegari ta nemi kunu. Rana ta biyu nono ya kawo, har yaron na ƙwarewa. Rana ta uku aka same ta zaune a tsakar gida tana cin tuwo, tana yi wa uwarta tsiya wai miya ba gishiri. Tafin hannunta ya yi ja kamar ta ƙunsa lalle. Tunau ya leƙo ya gani, ya zagaya bayan maƙera inda ba kowa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da ubansa ya rasu.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Dunƙulen na nan a kusurwa, duk inda ya juya sai ya ji kamar ana kallon ƙeyarsa. Ya ce bari ya mayar da shi inda ya gan shi, ya kuma ƙona gawayin da ya bari. Ramin gawayi kuwa kwana ake yi a kansa, don idan ya huje ba a toshe ba, da safe toka za ka tarar. Bisa al'ada mutum biyu ke zuwa. Ƙanensa na hayin gulbi, ruwa ya tsare shi. Ya tafi shi kaɗai.

Ya cinna wa ramin wuta, ya rufe da ƙasa. Ya yi isha'i. An ɗauke ruwa tun yamma, sama ta wanke tas, taurari birjik. Kwaɗi na ta kuka a fadama.

Can sai kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, lokaci guda.

Ya ji wani sauti daga gabas. Dum. Shiru. Dum. Shiru. Kamar ana daka a turmi mai nisa, a hankali.

Sautin na matsowa.

Wata tsohuwa ce doguwa ta fito daga cikin itatuwa. Tana ɗauke da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, ta riƙe ta da hannu biyu. Wuyanta ya lanƙwashe. Tunau ya dubi ƙafafunta. Duk inda ta taka, ƙafar sai ta nutse har idon sawu. A marmara fa. Ta zaro ta, ta sake takawa, ta sake nutsewa.

Ta tsaya a ɗaya gefen ramin. Leɓunanta suka motsa. Ba a ji komai ba. Ta rufe baki. Sai da ya yi numfashi biyu, sannan muryar ta iso.

"Sannu da aiki, maƙeri."

Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ba ta gusa ba.

"Yauwa, Inna," ya ce da ƙyar. "Sannu da hanya."

Bakin ya sake motsi. Ya jira. Maganar ta zo.

"Cigiya nake yi."

"Ta me?"

"Ƙasusuwan uwata."

Burgami na gefensa, ya ji kamar ya ƙara nauyi.

Ba ta iya ɗaga kai, sai ta nuna sama da haɓa. "Dubi can. Tsakanin waɗancan biyun. Me ka gani?"

Ya duba. "Ba komai, Inna. Sai wani ɗan hayaƙi-hayaƙi."

"Nan take zaune da. Ta fi duk waɗannan haske." Ta yi shiru, muryar ta ƙaraso, ta ci gaba. "Tauraruwa ma tana tsufa, maƙeri. Wuta ce, wuta kuwa da abin ci take rayuwa. Uwata ta ci abin da ke gare ta. Ta ci tokarsa. Ta ci tokar tokar. Ta kumbura, ta yi ja. Daga ƙarshe ba abin da ya rage a ƙirjinta sai ƙarfe. Kai maƙeri ne. Ƙarfe na ci da wuta?"

"Ba ya ci."

"Ba ya ci. Ranar da wutar ta rasa abin kamawa, ta rufta cikin kanta. Kafin ƙiftawar ido. Sannan ta tarwatse. Mutanen ƙasarku sun yi makonni suna ganinta da rana tsaka, suna murna wai sabuwar tauraruwa ta fito. Mutuwarta suke kallo."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Tunau, don bai san me ake cewa ba.

"Hayaƙin da ka gani, namanta ne, har yanzu yana bazuwa. Zuciyar tana can tsakiya. Ta dunƙule, ba ta fi garinku girma ba. Tana juyawa, tana ƙyaftawa, ta kasa kwanciya. Ba za ta kwanta ba sai na tattara ƙasusuwan na binne."

Ni dai abin da na sani, malaminmu na kimiyya ya taɓa faɗin kusan haka a aji, har da cewa ƙarfen da ke cikin jinin mutum daga irin wannan mutuwar ya fito. Yara na ta rubutu. Ni kuwa ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Tsohuwa ta ce, "Na bi duniya bakwai. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Saura guda. A nan ya faɗi."

Tunau ya ja burgami da hannu biyu, ya zazzage dunƙulen a gabanta. "Ga shi, Inna. Ni na ɗauka. Ki yafe mini. Dawo da shi ma na zo yi."

Ta saki hannu ɗaya daga ƙwaryar, ta sunkuya, ta ɗauke shi da yatsu biyu kamar ƙwayar gyaɗa. Ta ɗora a tafin hannu. Ta daɗe tana jinjina shi.

Leɓunanta suka motsa, gajeren motsi. Tun kafin muryar ta iso Tunau ya san ba alheri ba ne.

"Ya ragu."

"Inna..."

"Ya ga wuta."

"Ya gani."

"Kwana nawa ka ba shi a ƙofa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na zo ƙofarka a dare na huɗu," in ji ta. "Na duba. Ba komai. Da ka ajiye, da na ɗauka na wuce, ko karenka ba zai farka ba." Ta jefa dunƙulen ƙarƙashin faifai. "Wuta ta buɗe shi, ruwa ya ɗiba. Ina ruwan?"

"Na zubar. A bayan maƙera."

Ta rufe ido. Ta karkata kunne wajen gari. Wurin ya yi tsit, har yana jin itace na ƙonewa a ƙarƙashin ƙasa.

"Ruwan da aka zubar ba ya tafiya," ta ce. "Wannan yana tafiya. Yana zagayawa. Ina jin abin da ke tura shi, bugu, bugu. Mace ce. Ba ta daɗe da haihuwa ba."

Ta zaro ƙafa. Ta juya ta fuskanci hanyar Gidan Tama. Dum.

Tunau ya zabura ya sha gabanta. "Inna, tsaya! Me za ki yi?"

"Zan karɓi nawa."

"Ta yaya?"

"Zan kira shi. Zai fito."

"Ita fa?"

"Za ta koma yadda ka same ta. Daga nan ba ruwana."

Yadda ya same ta. Ya tuna farin idon nan, ya tuna muryar Ige.

Dum. Ya ja da baya. Dum. Ya sake ja da baya. Haka suka yi ta tafiya, ita tana gaba, shi yana baya-baya a gabanta, hannuwansa a buɗe kamar mai tare akuya. Ba ta sauri. Ba ta kuma tsayawa.

"Inna, ina da ƙarfe. Maƙerata cike take. Uwar maƙerata, kakan kakana ya bar ta, mutum huɗu ba sa ɗaga ta. Ki ɗauka. Ki kwashe duka."

"Kowane ƙarfe na uwar wani ne. Wancan ba na tawa ba ne."

"To ga jinina." Ya zaro wuƙa ya ɗora a hannunsa. "Ɗebi. Ɗebi har ya ishe ki."

"Naka na wata ce. Ta daɗe da mutuwa, ba ta bar mai nema ba."

"Ɗan kaɗan ne fa! Kurɓi uku! Abin da bai kai ƙwayar gero ba!"

"Idan aka kawo maka gawar uwarka ba yatsa, za ka ce ɗan kaɗan ne?"

Ya zube a gabanta, ya kama ƙafarta. Sanyin ƙafar ya ƙona masa hannu, bai saki ba. Ta ɗaga ƙafar da shi duka, ta taka, ta ja shi a kan marmara. Gwiwoyinsa suka sassale. Mutumin da ke sayar da magana da tsada, ranar ya zubar da ita kyauta. Ya roƙe ta da Allah. Ya roƙe ta da uwarta. Ya gaya mata yadda yarinyar ke zama a ƙofar maƙera tana ƙarama, tana toshe kunne idan ya ɗaga masaba, amma ta ƙi tashi. Tsohuwa ba ta ko dube shi ba.

Sun kai bakin fakon, inda hanya ke miƙewa zuwa gari. Daga nan ana hango duhun rumbuna. Gamzaki, tauraron asuba, ya fito.

Sai wani tunani ya faɗo masa. Ya miƙe tsaye.

"Inna. Binnewa kike so ki yi, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To mu duk binne mu ake yi. Ita ma wata rana za a sa ta a ƙasa. Shekara hamsin, sittin. Mene ne wannan a wurinki? Ki jira. Idan ta kwanta, ki ɗauki naki, ba wanda zai hana ki."

A karon farko ta tsaya.

Bakinta ya daɗe yana motsi. Ya tsaya yana jiran maganar.

"Jira ba ya yi mini wuya. Kayan ne. Tun ranar da na tsinci na farko ban sauke ba. Ƙasarku ba ta iya ɗaukarsa. In na ajiye, zai huda ta ya wuce, in koma farko. Dubi wuyana, maƙeri. Ya ƙare. Ba ni da sauran shekara hamsin a cikinsa. Ba ni da ko ɗaya."

Ya dubi wuyan. Ya dubi ƙwaryar. Ya dubi rumbunan garinsu.

"Kawo in riƙe miki."

Ta zuba masa ido. Idanun ba su da baƙi, wani haske ne kawai can ciki, mai nisa.

"Ba na cuta," ta ce. "Ka ji sharaɗin tukuna. Za ka riƙe har abin da ke jikinta ya koma ƙasa. Duka."

"Na yarda."

"Ban gama ba. Tana shayarwa?"

"Tana yi."

"To ya riga ya shiga yaron. Zai shiga waɗanda za ta haifa nan gaba. Zai shiga 'ya'yansu. Kowace haihuwa ƙari ce a kanka. Sai ranar da na ƙarshensu ya kwanta za ka sauke."

"Idan ba su ƙare ba fa?"

"Ba za ka sauke ba."

"Zan mutu a ƙarƙashinsa?"

"Mai ɗauke da wannan ba ya mutuwa. Da yana mutuwa, da na huta tuni."

Ku yi tunani. Kowane uba roƙonsa zuriya ta yaɗu. Shi kuwa an ce masa yaɗuwarta ce azabarsa. Ni da aka fara ba ni labarin nan, a nan ne na fashe da kuka.

"Bar ni in je in yi sallama da su," ya ce. "In dawo."

"In na ƙara taku ɗaya, ba na juyowa."

Zakara ya yi cara a cikin gari. Can ƙasa-ƙasa, ya jiyo kukan jariri. Kukan ya tsaya, alamar an ba shi nono.

Tunau ya cire hula ya ajiye. Ya tuɓe rigarsa, ya naɗe ta gammo, ya ɗora a ka.

"Faɗi sunan wadda ka tsaya wa," in ji tsohuwa. "Sai da suna ake ɗaure wannan."

Ita kuwa 'yarsa ce ta fari. Mutanen da, kunya ba ta barin su kama sunan ɗan fari. Shekara goma sha tara "yarinyar nan" yake cewa. Bakinsa ya yi rawa kamar na mai koyon magana.

"Tabawa," ya ce. "Tabawa 'yata."

Ta sauke ƙwaryar a kansa.

Ƙashin bayansa ya yi ƙara. Idanunsa suka firfito. Marmara ta buɗe ta haɗiye ƙafafunsa har idon sawu. Ya kama ƙwaryar da hannu biyu, ya ciji leɓe har jini ya zubo. Bai faɗi ba.

Tsohuwa ta miƙe wuyanta a hankali, a hankali. Ta ɗaga kai ta dubi wurin uwarta, abin da ta yi shekaru ba ta iya yi ba. Ta je gindin wata ƙirya ta kwanta. Kafin gari ya waye ba ita ba alamarta.

Da hantsi Ige ta tura mutane. Suka tarar ramin gawayi ya huje, ya zama toka. A bakin fako suka ga hula, da wuƙa, da ramuka biyu a cikin marmara, daidai ƙafar mutum. Ba Tunau. Aka nema har aka gaji, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai.

Amma mafarauta suka fara kawo magana. Wai da dare, idan sama ta wanke, akwai mutum tsaye a bakin fako da kaya a ka.

Tabawa na gama wankan jego ta ce sai ta je. Aka hana ta, ta ƙi ci ta ƙi sha. Mijinta Mantau ya ce to shi zai raka ta. Suka tafi bayan isha'i.

Yana nan. Ya nutse har ƙwauri. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi na bin ƙirjinsa, duk jikinsa na karkarwa.

"Baba!"

Ya buɗe ido. Ya dube ta tun daga sama har ƙasa. Ya ga ta yi ƙiba, ya ga goyo a bayanta. Fuskarsa ta ɗan saki.

"Kin warke?"

"Na warke, Baba."

"Yaron?"

"Ga shi. Sunanka aka sa masa."

"Madalla. Ku koma gida."

Ba ta san lokacin da hannuwanta suka miƙe ba. Ta ce daga baya, wallahi ba ita ta miƙa su ba. Ta ga ubanta cikin wannan hali, hannuwan suka tafi da kansu wajen ƙwaryar. "Kawo in taya ka, Baba. Ko na numfashi ɗaya."

Tunau, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka haife ta, ya daka mata tsawar da ta tashi tsuntsaye daga kan itatuwa.

"Kada ki taɓa! Mantau, riƙe ta! Riƙe ta na ce! Idan kika taɓa ban yafe miki ba!"

Yatsunta saura kaɗan. Mantau ya rungume ta ta baya, ya ja ta a ƙasa tana ihu tana cizonsa, har ƙofar gida. Ba ta sake komawa ba. Ta haifi tara bayan wannan. Kowace haihuwa, ranar suna ana kiɗa a waje, ita tana ɗaki tana kuka, ba wanda ya san dalili.

Me ya sa kuka yi tsit? Sagiru, ina dariyar?

To bari in tambaye ku. Wa ya san sunan da ake kiran Iya da shi tana yarinya? Iyarmu dai, kakarmu, wadda ke tari a ɗakin can yanzu. Ba wanda ya sani ko? Ku dubi tafin hannuwanku. Ku dube su da kyau. Mu arba'in da ɗaya ne jikokinta, ga Anti Rakiya kuma da cikin wata tara.

Bara da aka je Gidan Tama gaisuwa, wani mafarauci ya ce Tunau ya nutse har ƙirji.

Don haka ku ji ni da kyau. Idan Allah ya kai ku garin nan, kada wanda ya bi hanyar Fakon Ƙirya shi kaɗai bayan faɗuwar rana. Ba don zai cuce ku ba. Ba zai ma roƙe ku komai ba, tambayar lafiyarku kawai zai yi. Hannuwanku ne ba za su ji maganarku ba. Ku tafi ku biyu, kuma na biyun ya zama bare, mai ƙarfi, wanda zai iya jan ku har gida.